Ƙwai 30 na Brahma, 'yan tsaki 4: laifin inji ne ko na mai ƙwai?

Maman 'Yan Biyu (Kano):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a duba mini wannan al'amari, tun shekaranjiya raina a jagule yake. Ƙarshen watan Maris na yi odar ƙwan Brahma, manyan kajin nan masu gashi a ƙafa, guda 30 daga wani mai kiwo a Ibadan, aka sako su a mota, kwana 2 suka yi a hanya. Suna isowa na jera su a injina na ƙyanƙyasa mai cin ƙwai 48, mai juya ƙwai da kansa, na saita shi a digiri 37.8 kamar yadda takardarsa ta ce. Ina da batir, wuta ba ta taɓa yanke masa fiye da minti kaɗan ba. Daren kwana na 19 biyu suka fito, kwana na 20 wasu biyu. Daga nan shiru har kwana na 23. Mai ƙwai ya ce injina ne, wanda ya sayar mini da inji ya ce ƙwan ne ba su da kyau. Kuɗin adashena ne na zuba a ciki. Wa zan yarda da shi?

Alhaji Mai Brahma (Kaduna):
Wa'alaikumussalam. Sannu Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Kin zubar da sauran ƙwan? Idan suna nan kada ki zubar tukuna. Ki kai su can tsakar gida nesa da ɗaki, ki ɗaura leda a hannu, ki fasa su ɗaya bayan ɗaya ta ɓangaren mai faɗi, ki ƙirga mana abin da kika tarar a cikin kowanne. Baragurbi ma yana da bayanin da zai yi wa mai kiwo.

Inna Mai Akurki (Funtuwa):
Ayya 'yata, sannu. Ni dai abin da ke damuna da ku 'yan yanzu, sai mutum ya kwashi dukiyarsa ya miƙa wa akwatin roba, alhali ga kazar gida tana yawo a gabansa tana neman abin da za ta kwanta a kai. Shekara fiye da 30 ina kiwo, ƙwan zabi, ƙwan talotalo, ƙwan agwagwa, duk a ƙarƙashin kazar Hausa nake ƙyanƙyashe su. Ba ta san an ɗauke wuta ba.

Alhaji Mai Brahma (Kaduna):
Inna, a bari mu ji abin da ke cikin ƙwan tukuna, sannan a yi wannan maganar. Na san za mu yi ta.

Maman 'Yan Biyu (Kano):
Na fasa, Alhaji. Guda 11 babu komai sai ruwa da gwaiduwa ta narke. Guda 6 akwai wani jan zare zagaye kamar zobe a jikin ɓawon, da ɗan ɗigon nama. Guda 9 kuwa 'yan tsaki ne cikakku da gashinsu, sun mutu. Uku daga cikinsu har sun huda ɓawon, amma farar fatar nan ta bushe ta manne musu kamar an naɗe su da leda. Wallahi waɗannan 9 ɗin su suka fi tsaya mini a rai.

Likitan Dabbobi (Zariya):
Madalla da kika daure kika fasa. Yanzu akwai abin da za a kama. Abin da kika lissafa ba matsala ɗaya ba ce, uku ce, kuma kowacce da lokacinta.

Guda 11 ɗin nan, ko dai tun asali zakara bai bi ta kansu ba, ko kuma sun mutu a kwana ɗaya biyun farko. Bayan sun yi kwana 23 a cikin zafi da wuya a bambance da ido. Masu zoben jini 6 sun fara rayuwa suka mutu a makon farko. Wannan kashi biyun, ƙwai 17, ni hanya nake tuhuma da kuma ajiya. Ƙwan ƙyanƙyasa abu ne mai rai. An fi so a ajiye shi a wuri mai sanyin digiri 13 zuwa 18, kuma kada ya wuce mako guda kafin a sa shi, don daga nan ƙarfinsa raguwa yake yi kullum. Idan zafi ya haura wajen digiri 25, ɗan tayin da ke ciki sai ya fara girma a gurguje ba bisa ƙa'ida ba. To ki ƙiyasta but ɗin mota a watan Maris, rana ta dake shi, dare ya yi ya huce, ga jijjiga tun daga Ibadan. Jijjigar nan tana kwance jakar iskar da ke saman ƙwai. Shi ya sa ƙwan da ya yi tafiya ake jera shi tsinin yana ƙasa, a bar shi ya huta awa 24 kafin ya shiga inji. Kuma ba mu san kwana nawa ya yi a hannun mai shi kafin ya tara 30 ba.

Amma 9 na ƙarshe, waɗannan a gidanki suka mutu, Hajiya. Ina da tambaya: a wane ɗaki injin yake?

Maman 'Yan Biyu (Kano):
A sito yake, Likita, don kada yara su taɓa. Rufin kwano ne, babu silin. Taga ɗaya ce ƙarama.

Likitan Dabbobi (Zariya):
To ga ta nan. Abin da masu sayar da ƙananan injinan nan ba sa faɗa shi ne, inji ya iya ɗumama ƙwai amma bai iya sanyaya shi ba. An ƙera shi ne don ɗakin da ya fi cikinsa sanyi sosai. A Kano cikin Afrilu, da azahar inuwa kanta tana kai 40, balle ɗaki mai kwano. Injin zai kashe hitarsa, amma zafin ɗaki zai shiga ya yi abin da ya ga dama. Daga kwana na 14 zuwa sama kuma, su kansu 'yan tsakin suna fitar da zafi daga jikinsu. Shaidar ita ce fitowarsu a kwana na 19. Kaza kwana 21 take yi. Idan suka riga lokaci, zafi ya yi yawa. Idan suka makara, zafi ya yi kaɗan. Duba cibiyar huɗun nan, za ki iya tarar da wadda ba ta rufe sosai ba.

Maman 'Yan Biyu (Kano):
Innalillahi. Ɗaya cibiyarsa a ɗan buɗe take da baƙin ɓawo. Kuma na tuna da rana nakan ga allon yana nuna 39 yana ƙara, sai in kashe ƙarar in ce zai sauko da kansa.

Ɗan Sakkwato:
Hajiya ba ke kaɗai ba. Mu nan zahin ya hi naku, bara haka munka yi asarar ƙwan siliki, kajin nan masu laushin gashi. Tun daga nan ba mu sa ƙwai a inji daga tsakiyar Maris har sai ruwa ya sauka. In ta kama dole, ɗakin ƙasa mai kaurin bango muka kai shi, mu aje bisa daɓe kusa da randa.

Inna Mai Akurki (Funtuwa):
Kun ji ko? Alhaji, yanzu an ji abin da ke cikin ƙwan, to bari in yi tawa. Duk wannan lissafin digiri da Likita ya yi, kaza ta san shi ba a koya mata ba. Ku lura da mai kwanci da rana tsaka a bazara: za ku ga ta ɗaga jikinta ta tsaya a kan ƙwan, ta ɗan buɗe fukafukai, iska na shiga. Da sanyin asuba kuma ta lafe. Tana juya su da baki ba adadi. Wanda ya lalace sau da yawa ita ke ture shi gefe. In suka fito, ita ce fitilarsu, ita ce bargonsu, ita ke nuna musu ruwa da tsaba. Ke da kike da ƙwai 30 kacal, me ya haɗa ki da inji? Kaji 4 masu kwanci sun gama miki aiki.

Alhaji Mai Brahma (Kaduna):
Inna, ban musa ko ɗaya ba, amma a faɗi ɗaya gefen. Na farko, kaza ba ta kwanci don an umarce ta. Ƙwai ya iso yau, ina za ta samo kaji 4 da suka shiga kwanci a mako ɗaya? Na biyu, kazar gida ƙarama ce, in aka cika mata ƙwai na gefe sanyi zai kama su, kuma tana juyawa na gefen su shiga tsakiya, a ƙarshe duk su lalace. Na uku, wanda ya fi damuna, ƙwarƙwata da ƙuma da cuta. Na taɓa aro mai kwanci daga maƙwabta, ta fitar mini da 'yan tsaki 7 lafiya lau, kafin mako 3 duk suka bi ta suka mutu, ashe da ciwonta ta zo. Inji ana wanke shi a goge da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wanda yake son kiwon nan ya zama sana'a, yana fitar da 'yan tsaki duk wata, ba zai zauna jiran ranar da kaza ta ga dama ba.

Inna Mai Akurki (Funtuwa):
Ai kai ka yi ganganci da ka aro kazar da ba ka san cinta da shanta ba. Mai kwanci a gida ake renonta. Kuma wa ya ce a cika mata? 7 ko 8 na Brahma ya ishe ta. Ga yadda nake yi, ki rubuta 'yata. Idan kika ga kaza ta lafe a gurbi, tana kumbura tana tsattsaga in an matso, kada ki yi saurin ba ta ƙwai mai tsada. Ki bar ta kwana 2 ko 3 a kan nata, ki tabbatar da gaske take. Sai da dare, bayan isha'i, ki zare nata ki sa naki. Ki yi wa kowanne alama da fensir, don wata kazar takan shigo ta ƙara mata sabo. Ki ware ta a akurkinta ita kaɗai, ruwa da tsaba a kusa amma ba a bakin gurbi ba, don ta riƙa tashi tana miƙe ƙafa. Ki zuba toka da yashi a kasko mai faɗi ta riƙa birgima, shi ke rage mata ƙwarƙwata. Kazar da ke zama kwana 28 a kan ƙwan zabi, kwana 21 ne zai gagare ta?

Shugaban Zaure:
Inna da Alhaji, Allah ya bar mana ku. A ci gaba, amma a tuna Hajiya tana da 'yan tsaki 4 a hannu da inji da ta riga ta saya.

Likitan Dabbobi (Zariya):
Bari in ƙarasa maganar injin, don ban taɓo uku masu bushewar fata ba. Wannan danshi ne. Kwana 18 na farko ana son danshi wajen kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari. Daga kwana na 18 a daina juyawa, a ɗaga shi zuwa 65 ko 70, a rufe inji kada a ƙara buɗewa. A bazarar Kano kafin ruwa iska a bushe take ƙayau. Ɗan tsako ya huda ɓawo, aka ɗaga murfi ko na daƙiƙa kaɗan ne, busasshiyar iska ta shiga, fatar ta ƙame a jikinsa, ya kasa juyawa ya zagaye ɓawon. Hajiya, kin buɗe lokacin da biyun farko suka fito?

Maman 'Yan Biyu (Kano):
Na buɗe ya fi sau biyar. Na ciro su don ina tsoron yunwa, na kuma riƙa ɗaga sauran ina karawa a kunne.

Likitan Dabbobi (Zariya):
Tausayi ne ya sa, kuma kusan kowa ya taɓa yi. Amma ɗan tsako kafin ya fito yana shanye sauran gwaiduwa ta cibiya, ita ke riƙe shi har kwana 2 ba ci ba sha. A bar shi a ciki ya bushe. Daga huda zuwa fitowa kuma yana iya ɗaukar awa 24, hutawa yake yi, jijiyoyin jinin da ke jikin fatar suna janyewa. Wanda ya ɓare masa da wuri jini zai ɓalle.

Abu na ƙarshe, kada ki yarda da lambar da ke allon injin sai kin gwada ta. Ki sayi ma'aunin zafin jiki a kemis, ki ajiye shi daidai tsayin saman ƙwai, ki kwatanta. Inji mai fanka 37.5 ake nema. Don gwada ma'aunin danshi kuma, ki cika murfin kwalba da gishiri, ki ɗiga ruwa ya jiƙe kada ya narke, ki rufe shi tare da ma'aunin a roba mai murfi ya kwana. Ya kamata ya nuna 75. Abin da ya ƙaru ko ya ragu, shi ne kuskurensa.

Alhaji Mai Brahma (Kaduna):
Ƙari a kan na Likita: ni na fi yarda da jakar iska fiye da kowane ma'auni. Ina haska ƙwai da tocilan a ɗaki mai duhu kwana na 7, na 14 da na 18, ina zagaye jakar da fensir. Zuwa kwana na 18 ya kamata ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwan. In ta yi ƙanƙanta, danshi ya yi yawa, ɗan tsako zai iya shaƙar ruwa in ya huda. In ta yi girma da wuri, a ƙara ruwa. Cikin Agusta nakan yi kwana 18 ɗin farko kusan ba ruwa a tiren injin, don iskar damina ta wadatar. Takardar inji ba ta san hunturu da damina ba. Kuma da kin haska a kwana na 7, da tun lokacin kin ga 17 ɗin nan, kin kira mai ƙwai da hujja a hannu.

Ɗan Sakkwato:
Wajen ajiyar ƙwai kuma, ku gwada tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, irin wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don ajiyar kayan miya. Lokacin da iska ta bushe tana sanyi ƙwarai. Sai dai a sa ƙwan cikin kiret, kada ruwa ya taɓa su. Kuma ba a wanke ƙwan ƙyanƙyasa.

Maman 'Yan Biyu (Kano):
Na gode ƙwarai, na karɓi nawa laifin. Amma ga wani abu. Na ɗora hoton 'yan tsakin huɗu. Uku suna da gashi a ƙafa har yatsu, ɗayan ƙafarsa sumul. Na tura wa mai ƙwai ya ce in ya girma zai fito.

Alhaji Mai Brahma (Kaduna):
Ba zai fito ba. Brahma da safarsa yake fitowa daga ƙwai.

Malamin Kimiyya (Gwambe):
Salamu alaikum, ina biye da ku tun safe, a nan ne zan iya sa baki. Maganar Alhaji haka take, kuma abin ya fi haka zurfi. Gashin ƙafa hali ne mai rinjaye a gado. Haka ma zankon Brahma, ɗan gajeren nan mai layi uku, yana rinjayar dogon zanko mai tsaga irin na zakaran gida. Ma'ana, idan aka haɗa Brahma na asali da wata kaza, 'ya'yan farko galibi za su fito da gashi a ƙafa ko da kaɗan ne, da guntun zanko. Wanda bai sani ba zai rantse Brahma ne. Sai an haɗa waɗannan 'ya'yan da junansu asiri ke tonuwa, a jikoki wajen kashi ɗaya cikin huɗu su fito da dogon zanko, wasu da ƙafa sumul. Don haka ɗan tsakon Hajiya yana nuna ɗayan biyu: ko an cusa ƙwan wata kaza don a cika 30, ko iyayen can ruwa biyu ne. In na biyun ne, sauran ukun ma ba za a yi iri da su da kwanciyar hankali ba.

Wani abin da masu kiwo ke mantawa: kaza tana riƙe maniyyin zakara a jikinta mako 2 har zuwa 3. Wanda ya bar kajinsa suna cuɗanya, ya ware su yau ya fara tara ƙwai gobe, ba tsantsa yake sayarwa ba ko da bai yi niyyar cuta ba. A ware su wata guda tukuna.

Alhaji Mai Brahma (Kaduna):
Malam ya gama magana. Shi ya sa nake cewa kada a sayi ƙwai a hoto. A je a ga iyayen, a ga ko a ware suke, a ƙirga kaji nawa ke ƙarƙashin zakara ɗaya. Brahma jikinsa nauyi, zakara ɗaya kaji 4 zuwa 5 nake ba shi. Ina kuma rage musu gashin da ke kewaye da dubura da almakashi, zakara da kajin duka, don tulin gashin nan yana hana barbara kamawa. Ga zafi: tsuntsun nan a Amurka aka fitar da shi wajen shekarun 1850, daga manyan kajin da aka kai can daga Shanghai ta ƙasar Sin, har aka aika wa Sarauniya Biktoriya ta Ingila kyautarsu a 1852. Na ƙasar sanyi ne. Kaza ba ta gumi, da haki da zanko take fitar da zafi, shi kuwa ga gashi jibge ga guntun zanko. A bazara zakaran yakan kwanta a inuwa yana haki, bai damu da kaji ba. Ƙwan Maris da Afrilu ko a gidana ba ya kai na damina kamawa, kuma ina faɗa wa mai saye.

Sabon Shiga (Bauci):
Don Allah a gafarce ni in shigo da tawa. Wani yana tallan ƙwan wata kaza mai suna Ayam Cemani, baƙi ƙirin kamar gawayi, ya ce shi ne shaidar na asali. In saya?

Malamin Kimiyya (Gwambe):
Kada ka saya, ƙanena. Ayam Cemani ta tsibirin Jaba ce a Indunusiya. Gashinta, fatarta, zankonta, namanta har ƙashinta baƙi ne, amma ƙwanta fari ne mai ɗan ruwan madara, jininta kuma ja. Baƙin ƙwai rini ne.

Inna Mai Akurki (Funtuwa):
Allah ya shirya. Ni abin da ke ba ni takaici ma, kazar da muke kira fingi, mai murɗaɗɗen gashin nan, da a ƙauye ba a ɗauke ta a bakin komai ba, wasu ma camfa ta suke yi. Yanzu an sa mata sunan Turawa ana sayar wa 'ya'yanmu da tsada. Namu na gida da suka saba da zafinmu da cutukanmu muna barinsu suna ƙarewa. Jikana ya kawo mini siliki guda biyu, masu yatsu biyar da baƙar fata, na yarda suna da kyau kuma sun iya kwanci ƙwarai. Amma in ruwa ya dake su sai ka tausaya musu, gashin ba ya tare ruwa.

Malamin Kimiyya (Gwambe):
Inna, tunda kin ambaci fingi: kada a haɗa fingi da fingi. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan sukan gaji abin ta uwa da uba, gashinsu ya zama mai karyewa, jiki ya yi saura tsirara, su yi ta wahala. Fingi da mai gashi sumul ake haɗawa, rabi su fito fingi masu kyau.

Inna Mai Akurki (Funtuwa):
Wallahi na sha ganin irinsu, kamar an fige su da rai. Ashe dalilin ke nan. Allah ya ƙara sani, Malam.

Likitan Dabbobi (Zariya):
Mu koma kan huɗun Hajiya kafin dare. Makon farko suna son ɗumin digiri 32 zuwa 35, a riƙa ragewa wajen 3 duk mako. A wannan zafin da rana ba sa bukatar fitila, sai can cikin dare zuwa asuba. Ki kalle su: in sun cure wuri ɗaya suna kuka, sanyi, in sun watse gefe suna haki, zafi. In gawayi za ki sa, a bar iska na shiga, hayaƙinsa na kisa. Kada ki shimfiɗa musu leda ko takarda mai santsi, ƙafa na baɗewa. Tsohon buhun algarara ko tawul ya fi. Abincin 'yan tsaki za ki ba su, ban da na masu ƙwai, sinadarin ƙashin da ke cikinsa yana lalata musu ƙoda. Mai cibiyar nan ki shafa masa aidin ki ware shi a wuri mai tsabta.

Rigakafi kuma ba wasa. Cutar Niyukasil, wadda ke share kajin unguwa musamman da hunturu, ba ta da magani sai rigakafi. Akwai Lasota, akwai kuma I-2 da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato ke yi, ana ɗiga ta a ido kuma ta fi jure zafi. Sai rigakafin cutar Gumboro a wajen mako na 2 a maimaita, sai ta ƙuraje a wajen mako na 6 zuwa 8. Ki je wurin likitan dabbobi na kusa ya tsara miki ranaku. Kwalba ɗaya ta kaji da yawa ce, kuma in an haɗa ta da ruwa ba ta kwana, cikin awa ɗaya zuwa biyu ake gamawa. Ki haɗa kai da maƙwabta masu kaji a yi rana ɗaya, kin ga kin kare naki ta wajen kare nasu.

Maman 'Yan Biyu (Kano):
Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan mako 7. Mai cibiyar bai yi rai ba, kwana 4 ya ƙara. Ukun suna nan, sun sha rigakafinsu tare da kajin gidaje biyar na layinmu. Da ruwa ya sauka na je da ƙafata wurin wani mai kiwo a nan cikin Kano, na ga iyayen a ware, na karɓi ƙwai 15 waɗanda ba su wuce kwana 4 ba, na riƙe su a cinya har gida. Surukata ta ba ni kazarta da ta shiga kwanci, na sa mata 7 da dare yadda Inna ta ce. Sauran 8 na sa a inji, na mayar da shi ɗakin da ke da silin. Da na gwada da ma'aunin kemis, ashe allon yana rage kusan rabin digiri. Jiya kwana 21: kaza ta fitar da 6, inji ya fitar da 6. Duka da gashi a ƙafa.

Alhaji Mai Brahma (Kaduna):
Masha Allah, barka Hajiya. Biyun da suka rage a inji, ki ba su zuwa gobe, sannan ki fasa ki faɗa mana.

Inna Mai Akurki (Funtuwa):
Alhamdulillahi, Allah ya raya. 6 cikin 7 da 6 cikin 8 ba ɗaya ba ne, Alhaji, amma na bar maganar. 'Yata, yau da dare ki ɗauki na injin ki cusa su a ƙarƙashin kazar a hankali, tunda kwanansu ɗaya za ta karɓe su, sai dai ki tashi da asuba ki duba ko tana saran wani. In ta haɗa 12 za su yi mata yawa nan da mako 2, ki tanadi kwali mai ɗumi a gefe. Kada ki sake ta yawo da su, shirwa na nan, kuma masu gashin ƙafa ba sa shiri da caɓin damina, laka na dunƙule musu a yatsu. Ki zuba buntun shinkafa busasshe a akurkin, ki riƙa canzawa duk kwana 3.

Maman 'Yan Biyu (Kano):
To Inna, in sha Allahu. Yanzu zan aika a karɓo buntun a wurin masu casa.